Me ya hana ƙanƙara nutsewa a ruwa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka min da amsar abu biyu. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar leda a nan Tudun Wada. Shekaranjiya wuta ta kwana ta wuni, na cika robobi maƙil na jera a firiza. Da safe na tarar guda bakwai sun tsage, wasu kuma gindinsu ya kumbura har ba sa iya zama a kan tire. Ba yau aka fara ba, kuma asarar tana damuna. Na biyu, 'yata mai aji biyar a firamare ta jefa ƙanƙara a kofin ruwa ta ce min, "Mama, ƙanƙara tauri gare ta kamar dutse, in aka jefi mutum da ita sai ta fasa masa goshi, to me ya hana ta nutsewa kamar dutse?" Na ce mata haka Allah ya yi ta. Ta ce ta sani, amma ta yaya? Na rasa abin da zan ce mata, kuma ba na son in kashe mata gwiwar tambaya.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Anti. Ta biyun mai sauƙi ce, iska ce. Ki ɗauki ƙanƙarar leda ki ɗaga ta a haske, za ki ga tsakiyarta fari fat. Wannan farin ƙananan kumfar iska ne da suka maƙale a ciki. Kamar jarkar da ba komai ce in kin rufe bakinta kin jefa a ruwa.

Kawu Direba:
Ni dai abin da na sani tun ina yaro, abu mai nauyi ya nutse, mara nauyi ya taso. Ƙanƙara ba ta da nauyi, shi ke nan.

Hajiya Babba:
Direba, ban yarda da kai ba. Allura nawa nauyinta yake? Ka sake ta a randa ka ga ko ba sai ka kwashe ruwan za ka same ta a ƙasa ba. Amma da damina in Galma ta cika, da idona na sha ganin gungumen icen da ƙarti biyar ba za su ɗaga ba yana tafiya a saman ruwa kamar kara. Kuma wa ya ce maka ƙanƙara ba nauyi? Ka tambayi yaran da ke dakon buhunanta a Sabon Gari lokacin azumi.

Kawu Direba:
Gaskiya ne Hajiya, wannan ban yi tunaninsa ba.

Malamin Kimiyya:
Sannunku da hira. Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin kai mu inda gizo ke saƙar. Maman Ikram, tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce: abin da ya fasa miki robobi shi ne ya hana ƙanƙarar yarinya nutsewa.

Mu fara da mudu. Mudun gero da mudun auduga girmansu ɗaya, amma kowa ya san wanda ya fi nauyi. To ruwa ba ya tambayar abu "nawa nauyinka yake?" Abin da yake tambaya shi ne, "in aka auni mudu guda naka, aka auni mudu guda nawa, wa zai rinjayi wani a sikeli?" Wanda mudunsa ya fi na ruwa nauyi zai nutse ko da ƙanƙantarsa ta kai ta allura. Wanda mudunsa bai kai na ruwa ba zai taso ko da ya kai girman gida.

Ga lissafin. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, wato giram 1,000. Lita 1 ta ƙarfe ta kusa kilo 8. Lita 1 ta ƙanƙara kuwa wajen giram 917 ce kawai. Ta gaza ruwa da giram 83 a kowace lita, kuma wannan ɗan gibin shi ne duk sirrin.

Me ya kawo gibin, alhali ƙanƙara ruwan ce dai? Saboda ruwa in ya daskare kumbura yake yi, yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, nauyinsa kuwa yana nan yadda yake. Robarki ta rabin lita in kin cika ta har wuya, ƙanƙarar da za ta fito tana buƙatar ƙarin wuri kamar cokali uku na cin abinci. Kin ɗaure murfi, babu inda za ta bi, sai ta tura gindin robar ko ta tsaga ta.

'Yar Kongo:
Malam, wannan abin da ka kwatanta da mudu shi ne densiti da aka koya mana a sakandare ko? Na haddace shi na ci jarrabawa, amma wallahi sai yau na gan shi a idona. Ina ganin a Hausa sai mu ce kauri.

Malamin Kimiyya:
Shi ne, ƙanwata. Amma ki yi hattara da kalmar kauri, ta sha rikita min ɗalibai. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, ki zuba shi ki ga yadda yake tafiya a hankali, amma ki ɗiga shi a ruwa, a sama zai tsaya. Litarsa wajen giram 910 zuwa 920 ce. Kauri magana ce ta yadda abu ke gudana, wannan kuwa magana ce ta yawan abin da aka cusa a cikin wuri. Ni a aji nakan ce "nauyin mudu", yara kuma suna kamawa nan da nan.

'Yar Kongo:
Na karɓi gyara. Nauyin mudu ya zauna min.

Ɗan Samaru:
Malam, da girmamawa, har yanzu ban sauka daga kan maganata ba. Ka ce ta kumbura. To me ya cika wurin da ya ƙaru in ba iska ba? Burodi ma ai iska ce ke kumbura shi. Kuma farin nan da ke tsakiyar ƙanƙara kowa yana ganinsa.

Malamin Kimiyya:
Tambaya ce mai kyau, kuma rabin maganarka gaskiya ce. Farin nan iska ce da ke narke a cikin ruwan tun farko. Ruwa yana fara daskarewa daga gefe, yana koro iskar zuwa tsakiya har ta rasa mafita. Amma ka dubi gefen ƙanƙarar, inda take garau kamar gilashi. Ka fasa wannan ɓangaren shi kaɗai ka jefa a ruwa, zai taso. Giram 917 ɗin da na faɗa na tsantsar ƙanƙara ne wadda babu kumfa ko ɗaya a cikinta. Kumfar tana ɗan ƙara mata sauƙi ne kawai.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne wannan. Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace ƙwaya ta haɗu ne daga zarrar oksijin ɗaya da ta haidirojin biyu. Ƙwayoyin nan suna da ɗabi'ar riƙe juna. Muddin ruwa yana ruwa, riƙon ba ya daɗewa: a kama, a saki, a kama wani, ana ta kai-komo ana gogar kafaɗa kamar 'yan makaranta lokacin tara. In sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, sai kuzarinsu ya ragu har kowace ƙwaya ta riƙe maƙwabta huɗu ta tsaya cak. Tsarin da suke jeruwa a kai zobba ne masu kusurwa shida irin na saƙar zuma, tsakiyar kowane zobe kuma fanko ne. Ka tuna lokacin da malamin motsa jiki zai ce kowa ya buɗe hannuwansa ya ba na kusa da shi wuri? Yaran ba su ƙaru ba, ba a kawo kowa daga waje ba, amma filin da suka ci ya ƙaru. Wurin da ke tsakaninsu a cikin ƙanƙara ba iska ba ce, ya ma yi wa iska ƙanƙanta. Sarari ne kawai.

Hajiya Babba:
Ikon Allah. To Malam, ni abin da ya ɗaure min kai, duk abin da na sani a kicin in ya daskare tsukewa yake yi. In na soya kitse na zuba kakide a kwano, da ya sandare sai ka ga tsakiyarsa ta lotsa. Manja ma da hunturu, mai daskarewar a ƙasan kwalba yake kwanciya, mai ruwan yana sama.

Malamin Kimiyya:
Haka yake Hajiya, kuma abin da kika lura da shi shi ne ƙa'idar yawancin abubuwa. Kitse, kyandir, man shanu, in suka sandare matsewa suke yi, daskararren ya nutse a cikin narkakken. Ruwa ne ya fita daban. Akwai wasu 'yan tsiraru masu irin halinsa, kamar wani sinadari mai suna silikon da wani ƙarfe da ake kira galiyom, amma a cikin abubuwan da muke hulɗa da su kullum shi kaɗai ne.

Shi kansa ruwan, in kina sanyaya shi daga zafi yana tsukewa ne kamar kowa, har ya sauko digiri 4. A nan ne mudunsa ya fi nauyi. Daga 4 zuwa 0 sai ya juya ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan, da ya daskare kuma ya buɗe gaba ɗaya.

Bazazzagi a Kanada:
Salamu alaikum mutanen gida, ina biye da ku tun ɗazu. Wannan maganar ta digiri 4 da Malam ya kawo, mu a nan a cikinta muke rayuwa. A gida ko hunturu ya kai inda ya kai, ana ƙona kara a Kofar Doka ana jin ɗumi, ban taɓa ganin randa ta daskare ba. A nan kuwa akwai tafki kusa da inda nake, daga tsakiyar sanyi samansa yake zama dandamali, mutane su yi tafiya a kai. Shekarata ta farko na ɗauka duk abin da ke cikinsa ya mutu. Sai wani abokin aikina ya ja ni kamun kifi. Ya huda ƙanƙarar da wani dogon ƙarfe mai murɗawa, kaurinta ya kusa kamu biyu, sai ga ruwa a ƙasa, ya zura ƙugiya ya jawo kifi yana wutsil-wutsil. Na daɗe a tsaye ina kallon ramin nan.

Dalilin shi ne, in sanyi ya shigo, ruwan sama ya yi sanyi ya yi nauyi ya sauka, na ƙasa ya hau, haka har duk tafkin ya kai digiri 4. Daga nan wanda ya ƙara sanyi ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama ya daskare a can, ya zama marufi ga na ƙasa. Kifin yana can ƙasa cikin ruwa mai wajen digiri 4 har bazararsu ta zo. Da a ce ƙanƙara nutsewa take yi, da kowace shekara tana taruwa a ƙasa inda rana ba ta kaiwa, da tafkunan nan da yawa sun daskare tun daga gindi.

Kuma Maman Ikram, asararki ta roba a nan ta famfo ce. Wanda ya yi tafiya ya bar gida ba ɗumi, ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya tsaga shi, ko da na ƙarfe ne.

Malam Liman:
Subhanallah. Amsar da Maman Ikram ta ba 'yarta ba kuskure ba ce, haka Allah ya yi ta. Amma yarinyar ma ta yi daidai da ta ce ta yaya. Sanin yadda abu yake aiki ba ya rage wa mai imani komai. Ni yanzu da na ji labarin kifin nan a ƙarƙashin ƙanƙara, tasbihina ƙaruwa ya yi. Kada a riƙa rufe bakin yara in sun yi irin wannan tambaya.

Ɗan Samaru:
Malamin Kimiyya, na ji bayanin zobban. Amma ina son abin da zan gwada da hannuna a ɗaki.

Malamin Kimiyya:
Ka samu gwangwanin da ba a ci ko sha da shi, ka zuba kananzir, nesa da wuta da yara. Litar kananzir wajen giram 800 ce. Ka jefa ƙanƙara mai farin tsakiyar nan ka gani. Ka kuma jefa ƙaramar roba rufaffiya wadda iska ce zalla a cikinta, ka kwatanta.

Kawu Direba:
Kafin ya dawo, ku bar ni in faɗi abin da maganar nan ta tuna min, don shekarata ashirin ina jan tanka. Tanka ɗaya ce, lita 33,000. In na ɗauko fetur daban nake jin motar, in na ɗauko gas daban, musamman a hawa. Gas ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ban taɓa haɗa wannan da maganar ƙanƙara ba sai yanzu. Kuma in ruwa ya shiga tankin mota, a ƙasa yake kwanciya, shi ya sa bakanike ke kwance ƙusar ƙasa ya tsiyaye shi.

Malamin Kimiyya:
Kawu, ai kai ka fi mu sanin darasin a aikace. Litar fetur wajen giram 740 ce, ta gas wajen 840. A lita 33,000 bambancin ya haura tan uku. Tun da ka kawo wannan, bari in roƙi kowa abu guda: in fetur ko man suya ya kama da wuta, kada a watsa masa ruwa. Fetur zai hau kan ruwan ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. Man suya kuwa, ruwan ne zai nutse ƙarƙashinsa ya tafasa nan take ya watso man mai wuta a fuskar mutum. A rufe tukunya da murfi, ko a zuba yashi.

Maman Ikram:
Wannan ya shafe ni kai tsaye, don ina suyar ƙosai da safe. Na gode Malam. Ƙosan ma ai da na saka shi a mai yakan ɗan yi ƙasa sannan ya taso. In ƙullun bai bugu ba kuwa sai ya kwanta a gindin kasko ya sha mai.

Hajiya Babba:
Ɗanwake fa? Kina jefa shi a tafasasshen ruwa ya nutse, in ya fara nuna ya taso sama. Da haka muke gane shi tun muna 'yan mata. Wake ma in kin zuba masa ruwa, wanda ƙwari suka cinye cikinsa shi ke tasowa ki kwashe. Shinkafa kuma ki rege ta tsakuwa ta zauna a gindin ƙwarya.

Malamin Kimiyya:
A ƙosai da ɗanwake da waken ƙwari, nan ne maganar Ɗan Samaru ta iska take aiki sosai. Bugun ƙullu iska yake shigarwa, zafi ya kumbura ta, girma ya ƙaru nauyi bai ƙaru ba.

'Yar Kongo:
Malam, akwai inda ban gane ba. Na yarda mudun ƙanƙara bai kai na ruwa ba. Amma mene ne yake ɗaga ta? Komai ƙasa yake faɗuwa in an sake shi. Wa ke tura ta sama?

Malamin Kimiyya:
Ruwan ne. Kin taɓa jan ruwa a rijiya? Muddin guga tana cikin ruwa, igiyar ba nauyi a hannunki, ko da ta cika. Da ta rabu da ruwan sai ki ji nauyin ya sauko miki a kafaɗa. Ko ki ɗauki jarka rufaffiya ki danna ta cikin duro, za ki ji ana ture hannunki, ki kuma ga ruwan duron ya hau. Ruwa yana matsa duk abin da ke cikinsa ta kowane gefe, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. Don haka wanda ke tura gindin abu sama ya fi wanda ke danna kansa ƙasa ƙarfi. Ragowar ita ce ɗagawar.

Wanda ya fara auna ƙarfin ɗagawar nan wani masani ne Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya gano shi ne, ruwa yana ɗaga abu da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Ki ɗauki ƙanƙara mai kilo 10. Girmanta ya kusa lita 11. Tana shiga ruwa tana ture shi, da ta ture lita 10, wato kilo 10, an yi kunnen doki, sai ta tsaya. Ragowar da ba ta kai lita guda ba ita ce kike gani a waje. Dutse kuwa ko ya shige gaba ɗaya ruwan da ya ture bai kai nauyinsa ba, sai ya ci gaba da tafiya ƙasa.

Shi ya sa tsaunukan ƙanƙara da ke yawo a teku suke da haɗari. Wajen kashi 9 cikin 10 na jikinsu yana ƙarƙashin ruwa. Irinsu ne jirgin Titanic ya goga a daren 14 ga Afrilu 1912, ya nutse kafin gari ya waye, mutum fiye da 1,500 suka rasu.

Malam Liman:
Malam, malaman Musulunci na da ba su taɓa wannan fanni ba?

Malamin Kimiyya:
Sun taɓa sosai, Allah gafarta Malam. Al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya ƙera wani ɗan tulu mai bututu a wuya, yana jefa zinariya ko azurfa ko dutse mai daraja a ciki, ya auna ruwan da ya zubo, ya fitar da nauyin mudun kowanne. Alƙalumansa sun yi kusa ƙwarai da na yau. Bayansa Al-Khazini a birnin Marwa ya rubuta Mizanul Hikma wajen shekarar 1121, a kan wani sikeli da ake gane zinariyar gaske da ta algus da shi. Muhawararmu ta yau ma an yi irinta a Italiya a 1611. Wasu malamai sun dage cewa faɗin ƙanƙara ne ke hana ta nutsewa, wani masani mai suna Galileo ya ce a'a, ruwa ne da ya buɗe ya rage nauyin mudu, kuma ko wace siffa aka yanka ta za ta taso.

Ɗan Samaru:
Na dawo. Ƙanƙarar ta tafi ƙasan kananzir kai tsaye, robar kuma tana sama. Na sake da wata mai farin tsakiya sosai, ita ma ta nutse. Abin da ya fi burge ni, da ta fara narkewa ruwan a gindin gwangwanin ya taru. Na sauka daga maganar iska a kan ƙanƙara. Amma jirgin ruwa fa Malam? Ƙarfe ne, ka ce mudunsa ya ninka na ruwa kusan takwas.

Malamin Kimiyya:
A jirgi ba mudun ƙarfen za ka auna ba, na jirgin gaba ɗaya ne har da sararin cikinsa. Kwanon sha na ƙarfe yana zama a kan ruwa. Ka murƙushe shi da guduma ya zama curi, nauyinsa bai canza ba, amma zai nutse, don yanzu ruwan da yake turewa kaɗan ne.

Kawu Direba:
Wannan ita ce maganar kwalekwale ke nan. Na yi lodi a garuruwan bakin Neja, na ga yadda ake cika jirgi da mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa bakinsa. Raina ba ya so in na tuna. Kowace damina sai mun ji an yi asarar rayuka, yawanci mata da yara masu zuwa kasuwa ko biki.

Malamin Kimiyya:
Kowane buhu mai kilo 50 da aka ɗora, dole jirgin ya ƙara shiga ruwa har ya ture ƙarin lita 50. In ba sauran tsayi a bakinsa, igiyar ruwa ɗaya ta isa. A Ingila sai da wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa a kan wannan kafin a yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi wanda lodi ba zai sa ruwa ya wuce shi ba. Har yau manyan jirage suna ɗauke da alamar, kuma layin ruwan daɗi daban yake da na teku, don litar ruwan teku wajen giram 1,025 ce saboda gishiri, ta fi ɗagawa. Layin fenti a jikin kwalekwale da rigar kariya ga kowane fasinja ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba.

Mai Cajin Batir:
Ina ta karatu ban ce komai ba. A shagona a Sabon Gari akwai wani gilashi mai roba a kai da nake zuƙo ruwan batir da shi, a ciki akwai ɗan abu mai lambobi da ke tasowa. Maigidana ya koya min in ya nuna wajen 1.26 zuwa 1.28 batir ya cika, in ya yi ƙasa sosai ya sauka. Ashe nauyin mudun ruwan nake aunawa duk shekarun nan.

Malamin Kimiyya:
Shi kake aunawa, Oga. Lambar tana nufin ruwan batirin ya ninka ruwan sha sau 1.26 a nauyi.

Kawu Direba:
To ga wata. In aka sa ƙanƙara a kofi aka cika shi da ruwa har baki, ƙanƙarar ta leƙo sama da bakin kofin, in ta narke ai dole ya zube.

Maman Ikram:
Ni ma haka nake gani. Bari mu gwada da yarinyar, yanzu ta dawo daga Islamiyya.

Bazazzagi a Kanada:
Ba zai zube ba Kawu. Amma a bari su gani da idonsu.

Maman Ikram:
Mun gwada, mun ɗora kofin a kan busasshen faranti. Ta narke tas, ruwan yana nan daidai baki. Sai ɗan gumin da ya tsattsafo a jikin kofin.

Malamin Kimiyya:
Gumin nan ma ba daga ciki ya fito ba, laimar iskar ɗaki ce ta taru a jikin kofi mai sanyi. Ƙanƙarar tun tana yawo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Da ta narke ta koma ruwa mai wannan nauyin, sai ta cike ramin da ta yi daidai wa daida. Abin da ya leƙo sama shi ne kumburin, kuma kumburin ne ya sace.

'Yar Kongo:
To me ya sa ake cewa narkewar ƙanƙarar duniya tana ƙara cika teku?

Bazazzagi a Kanada:
Wadda ke yawo a kan teku ba ta ƙara wani abin kirki, kamar ta kofin nan ce. Damuwar ita ce wadda ke zaune a kan ƙasa, a yankuna masu tsananin sanyi irin su Girinlan da Antatika da kan manyan duwatsu. Ita kamar ƙanƙarar da ke kan faranti ce, ki narkar da ita ki juye a kofin da ya riga ya cika.

Kawu Direba:
Na gani a hoton da Maman Ikram ta turo, amma sai na gwada da kaina in na sauka a Kwangila gobe.

Maman Ikram:
Jama'a barkanmu da safiya. Jiya da daddare na rage kowace roba, na bar kamar faɗin yatsu biyu daga wuya, na jera su a tsaye. Wuta ta kwana. Guda arba'in na saka, ko ɗaya ba ta tsage ba. Ledojin ƙanƙara ma na daina ɗaure su tamau. Allah ya saka wa kowa da alheri. Yarinyar kuma ta zo da wata: ta ga ina gwada ƙwai a ruwa kafin in soya, mai kyau ya kwanta a ƙasa, wanda ya daɗe ya taso. Tana tambaya ko akwai yadda za a sa mai kyan ma ya taso ba tare da ya lalace ba.

Malamin Kimiyya:
Akwai. Tsohon ƙwai yana tasowa ne don ruwan cikinsa yana fita a hankali ta ƙananan ƙofofin ɓawo, iska ta maye wurin. Mai kyan kuwa kada ta taɓa shi, ruwan za ta canza. Ki ba ta kofin gilashi da gishiri, ta riƙa zubawa cokali ɗaya-ɗaya tana juyawa har ya narke kafin ta ƙara wani. Ta rubuta a cokali na nawa ƙwan ya ɗaga daga ƙasa, ki turo mana.